Yadda Ake Kafa Aikin Haɗin Gwiwar 'Yan Sanda da Jama'a a Ƙaramin Gari

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin gari ya san cewa idan aka fasa shago da dare, kafin a idar da sallar asuba akwai waɗanda suka riga suka san wanda ya yi, ko suka san hanyar da kayan suka bi. Mai shayin bakin tasha ya ga wanda ya gifta da buhu a ka, ɗan acaɓa ya san wanda ya ɗauka da tsakar dare, dillalin tsofaffin kaya kuma ya san wanda zai sallamo masa da hantsi. Wanda bai sani ba shi ne ɗan sandan da ke zaune a kan kantar ofis, kuma ba zai sani ba har sai ɗaya daga cikin mutanen nan ya tabbata cewa idan ya buɗe baki ba za a tsare shi a matsayin wanda ake zargi ba, ba za a nemi kuɗi a hannunsa ba, kuma sunansa ba zai koma kunnen ɓarawon ba kafin magariba. Duk aikin da za a bayyana a nan hidima ce ta samar wa wannan mutum tabbacin da yake nema.

Jagorar ta shafi ɓangare biyu: Baturen 'yan sandan da aka turo ya riƙe ofishin yanki, wanda aka fi sani da DPO, da kuma mutanen garin da suke so su yi aiki da shi ba tare da sun zama 'yan amshin shata ba. Halin da suke ciki sananne ne. 'Yan sandan Najeriya gaba ɗaya ba su kai dubu 400 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma da yawa daga cikinsu suna birane ko suna gadin manya, saboda haka abin da ke isowa ƙaramin gari ɗan kaɗan ne: jami'ai ƙalilan, mota ɗaya da ba kullum take da mai ba, da ƙauyuka birjik waɗanda hanyarsu ke yankewa da damina. Sau da yawa kuma jami'in baƙo ne, bai san dangantakar gidaje ba, wani lokaci ko harshen garin ba ya ji sosai. A zamanin En'e 'yan doka da dogarai 'yan gari ne da suka san kowa da ubansa, sai dai an yi amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa, musamman 'yan NEPU, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja bayan 1966 ta narkar da su cikin rundunar tarayya. An rabu da wancan zalunci, amma an yi asarar sanin gari, kuma tun daga lokacin ake neman hanyar maido da shi: an kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, a 1984, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin 'yan sandan al'umma a 2004, aka fara gwaji a Inugu, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020, daga sashe na 113, ta tanadi kafa kwamitocin wannan aiki. Doka ta buɗe ƙofa ke nan, shiga kuwa sai an yi ta gari-gari.

A fara da kantar ofis

Kafin a kira taro ko a naɗa wa kowa muƙami, sabon Baturen 'yan sanda ya fara gyara abin da ke faruwa a kan kantar ofishinsa, domin nan ne jama'a suke yanke hukunci a kansa, kuma abin da ya sami mutum ɗaya a wurin da safe, majalisun gari duka sun ji shi kafin la'asar. Mai kawo ƙara kada a tambaye shi kuɗin takarda, ko na biro, ko na man mota. A rubuta ƙararsa a littafin kanta a gabansa, a faɗa masa sunan jami'in da zai yi bincike da ranar da zai dawo ya ji inda aka kwana. Beli kyauta ne kamar yadda aka rubuta a bangon kowane caji ofis, kuma aikin shugaban ofis ne ya sa rubutun ya zama gaskiya; laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa ba a caji ofis ake bayar da belinsa ba, sai a gaya wa dangi haka a fili domin kada wani ya sayar musu da abin da ba zai yiwu ba. Mace tana iya tsaya wa mutum beli, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta faɗi haka ƙarara, don haka ba daidai ba ne a kori uwa ko matar aure a ce ta je ta zo da namiji.

Akwai abubuwa uku da suka fi kowane abu ɓata tsakanin ƙaramin gari da 'yan sandansa, kuma dukkansu doka ta riga ta hana. Na farko shi ne kama wani a madadin wani, a ɗauke uba domin ɗansa ya gudu, ko a tsare mata har mijinta ya kawo kansa. Sashe na 36 na dokar 2020 ya haramta wannan. Na biyu shi ne mayar da ofis wurin karɓar bashi, inda mai kuɗi zai sa a kulle wanda yake bi. Sashe na 32 ya ce ba a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kaɗai, wannan maganar kotu ce. Na uku shi ne tsare mutum kwana da kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, alhali sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba da kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, kwana biyu idan babu. Dukan wanda ake zargi domin ya amsa laifi kuwa, tun 2017 akwai dokar da ta mayar da shi laifi a kan jami'in da ya aikata da wanda ya ba da umarni. Hanya mafi sauƙi ta tsare waɗannan iyakoki ita ce Baturen 'yan sanda ya shiga bayan kanta da kansa kowace safiya, ya tambayi kowane tsararre sunansa, da ranar da aka kawo shi, da abin da aka ce ya yi, ya kwatanta amsar da abin da ke cikin littafi. Doka ta kuma ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata domin duba waɗanda ake tsare da su, kuma shugaban da ya san abin da yake yi shi ne zai riƙa tunatar da majistaren idan ya makara.

Na daɗe a kan wannan batu da gangan. Kwamitin da aka kafa alhali ana sayar da beli a ofis, dattawan da ke cikinsa za su koma masu zuwa roƙon sassauci da rage farashi, kuma mutuncinsu zai zube tare da na ofishin.

Sanin gari

Gaisuwar farko ta hakimi ce, ko sarki idan garin na da shi, sannan shugaban ƙaramar hukuma, da limamin Juma'a, da shugabannin coci. Wannan kowa ya sani, kuma yawancin jami'ai a nan suke tsayawa, alhali waɗanda suke ganin abin da ke gudana a titi ba a fada suke wuni ba. A cikin makonnin farko Baturen 'yan sanda ya taka da ƙafarsa ya je wurin kowane mai unguwa a ƙofar gidansa, ya zauna da sarkin kasuwa, da sarkin pawa, da dillalan kara, da shugabannin tasha da 'yan kamasho, da ƙungiyar 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu, da masu gyaran waya da masu cajinta, da sarkin mafarauta, da shugaban asibiti da na makarantar sakandare. Ya je rugage ya gaida arɗo a inda yake, kada ya jira sai ranar da aka kawo ƙarar ɓarna sannan su fara ganin juna. Ya shiga unguwar baƙi, inda 'yan kasuwa daga wasu sassan ƙasa suke zaune, domin su ne suka fi saurin shiga fargaba idan jita-jita ta tashi. Matan gari kuwa, waɗanda suka fi kowa sanin gidan da ake dukan yaro da lungun da ake sayar da ƙwaya, ana isa gare su ta hanyar malaman Islamiyya mata, da ungozomomi, da shugabannin ƙungiyoyin mata, kuma zai fi kyau 'yar sanda mace ce za ta riƙe wannan ɓangare.

Tambaya ɗaya ce za a riƙa yi a ko'ina: mene ne ya fi damun ku a nan? Amsar takan bambanta da abin da ke cikin fayil ɗin ofis. Ofis yana lissafin fashi da kisa, mutanen unguwa kuma suna iya cewa abin da ya hana su barci shi ne kangon da samari ke taruwa suna shaye-shaye, ko satar awaki, ko gudun da motoci ke yi a gaban makarantar firamare. A rubuta duk abin da aka ji, a zana taswirar gari ko da da hannu ne a kan babbar takarda, a sa alama a mashigai, da burtalai, da mashayar dabbobi, da wuraren da ƙara ta fi fitowa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma taswirar nan da 'yan gari za a zana ta.

Kafa kwamiti da tafiyar da shi

Idan akwai reshen PCRC a garin, a fara duba ko yana raye ko suna ne kawai ya rage. Ko farfaɗo da shi za a yi ko sabon kwamiti za a kafa bisa dokar 2020, ma'aunin zaɓen mutane ɗaya ne: wanda idan ya yi magana unguwarsa za ta saurara, kuma wanda zai iya kallon Baturen 'yan sanda ya ce masa yaransa sun yi ba daidai ba. Kada a cika kujeru da attajirai domin ana sa ran gudummawarsu, kuma kada a bar jam'iyya ɗaya ta mamaye shi, domin ranar da aka fara kiran kwamitin da sunan wani ɗan siyasa, rabin gari ya fita daga cikinsa. A tabbata akwai manomi da makiyayi, akwai Musulmi da Kirista inda garin ke da duka biyun, akwai mata fiye da ɗaya domin kada ta zauna shiru a tsakiyar maza, akwai kuma matasa na gaske, ba dattijo mai riƙe da sarautar sarkin samari ba. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Abin da ya wuce haka gangami ne.

A riƙa zama sau ɗaya a wata, a rana sananniya da ba ta ci karo da kasuwa ba, kuma a riƙa zagayawa da wurin taron: wannan wata a makarantar firamare ta gabas, wata mai zuwa a ɗakin taron tasha, wani lokaci a ƙauye. Mutane da yawa ba za su taɓa taka harabar caji ofis da son ransu ba, amma za su zo makarantar 'ya'yansu. Abin da ke raya taron shi ne yadda ake buɗe shi. Magatakarda ya karanto koke-koken da aka kawo a zaman baya ɗaya bayan ɗaya, Baturen 'yan sanda ya faɗi abin da aka yi a kan kowanne, wanda ba a yi komai a kansa ba ya faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba. Mutumin da ya kawo kuka sau biyu bai ji amsa ba, ba zai kawo na uku ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa cewa zaman ɓata lokaci ne. Ba a tattauna sunan wanda ake zargi a taro, ba a kuma yin shari'a a wurin.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi, amma gara a yi ta a fili. Ofisoshin ƙananan garuruwa suna fama da rashin mai da gyaran mota, kuma jama'a sukan so su taimaka. Idan za a yi, gudummawar ta bi ta hannun ma'ajin kwamiti da rasit, a sayi abin da ake bukata a miƙa shi a gaban mutane, a karanta lissafi a kowane zama. Ba a karɓar ko sisi daga wanda yake da magana a ofis, ba a kuma ɗora wa kowa haraji a kan hanya da sunan tsaro.

Kare mai kawo labari

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. A garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, kowa ya san cewa suna da infoma a cikin gari, kuma mutumin da aka gane ya kai rahoto yana iya rasa ransa a daren. Ko a garin da ke zaune lafiya, wanda ya tona asirin dilan ƙwaya da shi zai ci gaba da haɗuwa a masallaci da kasuwa. Saboda haka dole a shimfiɗa hanyar da labari zai bi ba tare da mai shi ya bayyana ba.

Baturen 'yan sanda ya ware lambar waya ɗaya da shi kaɗai yake ɗauka, ya bayar da ita a masallatai da coci-coci da tasha, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Kada a ce wa mai labari ya zo ofis, kada kuma a je ƙofar gidansa da motar 'yan sanda ko da kaki. A haɗu da shi inda haɗuwar ba za ta ja ido ba, ko a wadatu da waya. Sunansa kada ya shiga littafin kanta, kada a ajiye shi a waya da sunan da wani zai gane, kuma kada a faɗa wa ko da shugaban kwamiti. A rarrabe tsakanin mai ba da labari da shaida: shaida zai tsaya a kotu, kuma sai an gaya masa haka tun farko ya amince; mai labari kuwa nuni kawai ya yi, sauran aikin neman hujja na 'yan sanda ne. Idan labarin na irin wanda mutum ɗaya ne kaɗai zai iya saninsa, kada a afka nan take yadda kowa zai gane daga inda ya fito. A nemi wata hanyar da za ta kai ga wurin, kamar sintirin da aka saba ko binciken da ya shafi layin gaba ɗaya.

Akwai ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. A ƙaramin gari ana kawo labarin ƙarya domin gaba, ko rikicin gona, ko neman aure, ko siyasa, kuma kalmar infoma ta zama makamin da ake halaka marar laifi da ita. Don haka ba a kama mutum a kan maganar mutum ɗaya. Sai an sami hanya ta biyu da ba ta da alaƙa da ta farko ta tabbatar. Idan kuma ta bayyana cewa daga cikin ofis ne asiri yake fita, Baturen 'yan sanda ya ɗauki matakin ladabtarwa, ya kuma bari gari ya san an ɗauka. Jama'a su ma su san cewa rundunar tana da sashen karɓar koke a kan jami'anta, wanda aka kafa a 2015, ga kuma Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, kuma shugaba nagari da bakinsa zai sanar da su wannan.

Sintiri da warware matsala daga tushe

An taɓa gwada amfanin sintirin mota a birnin Kansas na Amurka tsakanin 1972 da 1973: aka ƙara shi a wasu unguwanni, aka janye shi a wasu, sai aka tarar yawan laifi bai sauya yadda za a lura ba. Bayan 'yan shekaru aka gwada sintirin ƙafa a Newark, nan ma laifi bai ragu sosai ba, amma tsoro ya ragu a zukatan mazauna, kuma ra'ayinsu game da 'yan sanda ya gyaru. Darasin ya dace da garin da motarsa ɗaya ce. A raba gari shiyya-shiyya, a ba kowace shiyya jami'i ɗaya ko biyu da za su daɗe a cikinta, su riƙa zagayawa a ƙafa, suna gaisawa da mutane, suna zuwa jana'iza da suna, har yara su san sunayensu. 'Yan sandan sa-kai da aka ɗauka daga cikin gari suna da amfani a nan, muddin mai unguwa da kwamiti sun tantance halinsu kafin a ba su kaki.

Idan ƙara iri ɗaya ta yi ta maimaituwa, kamun mutum ɗaya-ɗaya ba zai ƙarar da ita ba. Hanyar da aka gwada a garin Newport News na Amurka a shekarun 1980, wadda ta bazu a duniya daga baya, matakai huɗu ce: a gano matsalar, a binciki musabbabinta, a yi mata magani, a dawo a duba ko maganin ya ci. Ɗauki rikicin ɓarnar gona da ke tasowa duk kaka. Idan aka duba ƙararrakin shekarun baya za a ga yawancinsu daga wurare kaɗan suke fitowa, galibi inda noma ya cinye burtali ko ya toshe hanyar mashaya, kuma a 'yan makonnin da amfanin gona yake a yashe ba a kwashe ba. Maganin yana hannun hakimi, da arɗo, da sarkin noma, da sashen gona na ƙaramar hukuma: a zauna tun kafin girbi, a bi burtalin a sa alama, a tsayar da ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki, a naɗa mutanen da ɓangarorin biyu suka yarda da su domin kimanta ɓarna a ranar da ta faru. Aikin ɗan sanda shi ne ya tara su, ya tsaya a kan a cika alkawari, sannan bayan kaka ya ƙirga ƙararrakin bana ya kwatanta da na bara a gaban kwamiti. Haka ake yi da satar waya ranar kasuwa, inda masu sayen tsohuwar waya za su amince su riƙa rubuta sunan mai sayarwa da lambar jikin wayar, da satar dabbobi, inda dillalan kara za su ƙi karɓar dabbar da ba a san mai ita ba.

'Yan sintiri da iyakarsu

Babu ƙaramin garin da 'yan sanda za su iya tsare shi da dare ba tare da 'yan sintiri ba, kuma da yawa daga cikinsu sun ba da rayukansu a wannan aiki. Wasu jihohi sun ba su tsari na hukuma, kamar rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024. Amma ƙarfin da ba shi da linzami yana haifar da abin da ya fi wanda aka kafa shi dominsa muni. Kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin Zamfara, kuma a watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bayan 'yan sintiri sun tare motarsu an yi musu zargin garkuwa da mutane. Saboda haka a rubuta sunan kowane ɗan sintiri a ofis tare da mai unguwar da ya tsaya masa, a ba shi katin shaida, a san shiyyarsa da daren aikinsa. Wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ba su da ɗakin tsarewa, ba sa duka, ba sa cin tara, ba sa yanke hukunci. Wanda ya karya wannan a cire shi a fili, idan laifi ya yi kuma a kai shi kotu kamar kowa. Duk lokacin da aka yi ihun ɓarawo jama'a suka taru, aikin farko na ɗan sanda da ɗan sintiri shi ne fitar da wanda ake zargi da ransa.

Sulhu yana da babban wuri a aikin ƙaramin gari, kuma faɗan maƙwabta, da rikicin iyakar gona, da saɓanin 'yan kasuwa sun fi dacewa da zauren mai unguwa fiye da bayan kanta. Fyaɗe, da kisa, da fashi, da garkuwa da mutane, da cin zarafin yara ba sa cikin wannan. Matsin lamba mafi tsanani da Baturen 'yan sanda zai gamu da shi daga manyan gari zai zo, a ce a rufa asiri a kashe maganar fyaɗe a gida; ya sanar da kwamiti tun zaman farko cewa wannan ƙofa a rufe take, domin ranar da abin ya faru kada kowa ya ce bai sani ba. Yarinyar a kai ta asibiti da gaggawa, mace ta ɗauki bayaninta a keɓe, sunanta kuma kada ya fita.

Tsaron jama'a ya haɗa da haɗarin mota, da gobara, da ambaliya. A ajiye lambobin asibiti, da 'yan kwana-kwana mafi kusa, da jami'an kiyaye haɗurra a bangon kanta, a kuma sanar da ma'aikatan asibiti da jama'a cewa wata doka ta daban ta 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan jita-jita ta tashi a WhatsApp, a fitar da gaskiyar abin da aka sani cikin sa'a guda ta bakin limamai da masu unguwanni.

Ranar canjin wurin aiki

Baturen 'yan sanda ba ya daɗewa a wuri ɗaya, kuma sau da yawa abin da ya gina yakan rushe ranar da ya tafi. Maganin haka shi ne littafin zaman kwamiti, da taswirar gari, da rajistar 'yan sintiri, da yarjejeniyar manoma da makiyaya su kasance kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a hannun magatakardan kwamiti. Mai tafiya ya zagaya da magajinsa wurin masu unguwanni da arɗo-arɗo kamar yadda shi ya yi da farko, kwamiti kuma ya gayyaci sabon zuwa zamansa na gaba ya karanta masa alkawuran da ke ƙasa. Sunayen masu kawo labari ne kaɗai ba a miƙawa a rubuce. Mai tafiya ya tuntuɓi kowannensu a asirce ya tambaye shi ko ya yarda a haɗa shi da sabon jami'in. Wanda ya yarda a haɗa su baki da baki, wanda bai yarda ba a goge lambarsa daga waya kafin a bar garin.